Tambayar da Mama Ta Aike Ni

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Matata tana gaishe ki, ta ce in gaya miki har yanzu littattafaina ne masu gadon, mu biyu a gefe muke raɓewa.

Jikin Mama da sauƙi, amma sauƙin tsufa. Likita ya ƙara mata ƙwayoyi, ita kuma ta ƙara masa wa'azi. Ranar Lahadi bayan sujada na same ta a kujerarta ta bakin taga, kusa da keken ɗinkin Baba da ta hana a sayar. Ta ce shekara talatin ke nan ina kaɗe ƙura a ɗakin karatu na gari, ina karanta abin da ba wanda ya aike ni, to yau ga aike. In je in binciko mata inda yaron nan yake.

Kin san wanda take nufi. Wanda aka haifa tsakanina da ke, ya kwana biyu a duniya ya koma, ba a kai ga yi masa baftisma ba. Tunda nake ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar.

Yaya, ina jin kunyar faɗa, amma abin da ya fara zuwa min daɗi ne, tausayin daga baya ya biyo. Kin san halina. Kin tuna ranar da na kwance igiyar shanya na tafi filin makaranta in auna jirgin Nuhu, in ga ko giwaye za su shiga? Wankinku ya zube a ƙasa, Baba ya zane ni, da ya huce ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko sun shiga ɗin. Malamar makarantar Lahadi kuwa da ta hango hannuna a sama sai ta ta da waƙa. Ban taɓa jin tambaya ta raba ni da bangaskiya ba. Ni dai haka aka yi ni, idan ina son abu sai na leƙa bayansa.

Na riga na jibge littattafai tara a kan tebur. Zan sanar da ke abin da na samo.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Tone-Tone

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da shirun wata biyu. Ina can cikin malaman da suka mutu tun ƙarnuka, kuma ba su da saurin sallamar baƙo.

Sun yi ta musu a kan jarirai irin namu. Wasu sun tsaurara har na rufe littafin na fita shan iska. Wasu sun nemo musu wani wuri tsaka-tsaki, kamar ɗakin jira a asibiti. Wasu sun ce a bar wa jinƙan Allah, wanda ya fi alƙalaminsu faɗi. Na tattara shafi arba'in, da lambobi da manazarta, na sa riga mai kyau na je na karanta wa Mama. A shafi na uku ta yi barci. Da ta farka ta ce na ji ta bakin kowa har da matattu, ita da abin ya faru a cinyarta ban tambaye ta komai ba.

Sai na ajiye takardun na tambaye ta.

Ta ce da hantsi ne numfashinsa ya fara sarƙewa. Ungozoma ta riga ta tafi. Baba ya hau keke ya tafi kiran fasto, tsohon nan mai gilashi da muke ɓuya idan mun ji tarinsa. Daga ita sai ke a ɗakin, kina shekara biyar. Ta aike ki ɗebo ruwa, ta jiƙa kansa sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta raɗa masa suna. Kafin su iso ya cika. Fasto ya tsaya a bakin ƙofa ya ce an makara, ita kuma ta ɓoye abin da ta yi. Wace ce ita, mace mai ɗanyen jego, da za ta ce ta yi aikin fasto? Ko Baba bai sani ba har ya rasu. Shekara hamsin da biyar tana ɗauke da tsoro biyu: ko abin bai karɓu ba, ko kuma ta yi wa Allah shisshigi.

Wata biyu ina haƙa rijiya a dawa, ashe ruwan yana tsakar gida. Wannan tambayar, ta gaskiyar, rabin yini ya ishe ni. Tun zamanin da, ikilisiyoyi da yawa sun yarda cewa idan rai yana hannun Allah kuma babu fasto, kowane mai bi yana iya yin baftisma, namiji ko mace. Na kai wa fastonmu na yanzu, yaron kirki da gemunsa bai gama shawara ba. Ya tara dattawa, suka yi ta gyaran murya, ƙarshe suka ce za a shigar da sunan a littafin baftisma idan akwai shaida ɗaya bayan uwar.

Ke ce kaɗai, Yaya. Ki rubuto abin da kika tuna, kada ki ƙara kada ki rage. Da gangan ban faɗa miki a cikin me kika kawo ruwan ba. Mama ta faɗa, fasto ya rubuta ya sa a aljihu. Idan ba ki tuna ba, ki ce ba ki tuna ba. Ina son Mama ta samu kwanciyar hankali, amma ba zan gina mata shi a kan ƙarya ba, kuma ta fi mu saurin gane ƙarya.

Ki hanzarta, don Allah. Ƙafafunta sun fara kumburi.

Naki,
Tone-Tone

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ban gajiyar rubutu. Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. A tsaye na karanta ta.

Murfin butar shayi. Haka yake a takardar fasto. Mama ta ce hannunki bai kai inda kofuna suke ba, shi ya sa. Cikin dattawan, wanda ya fi kowa gardama ya cire hularsa yana ta duba cikinta, kamar a nan ya ajiye sauran hujjarsa.

Amma sauran abin da kika rubuta, Yaya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba? Cewa rabin ruwan ya zube miki a hanya, kin ɗauka sha za a ba shi, kuma tun ranar kike zaton don bai ishe shi ba ne ya mutu. Na tuna yadda kike ɗaukar kofi da hannu biyu har yau, muna yi miki dariya muna cewa amaryar sarki. Allah ya yafe mana. Na karanta wa Mama wurin sau biyu, wannan karon ba ta yi barci ba. Ta ce in gaya miki ruwan ya isa, har ya ragu ta shafe miki fuska da shi, don kina kuka.

Jiya fasto ya zo gida da littafin, ya buɗe shi a kan keken ɗinkin Baba. Ya rubuta ranar, ya rubuta Mama a gurbin wadda ta yi baftismar, ke a gurbin shaida. Da ya zo gurbin sunan yaron sai ta dafe shafin. Ta ce ba wanda zai ji shi kafin ke, kuma ba a wasiƙa ba, da bakinta. Na yi lallashi, na yi dabara irin tamu ta masu bincike, ta ce in tafi in tone wani abin.

Fasto ya bar mana littafin, abin da ya ce bai taɓa yi ba. Likita kuwa ya daina ƙara ƙwayoyi, kin san abin da hakan ke nufi. Ki bar wa maigidan gidan, ba zai rushe ba. Ki gaya min motar da za ki hau, zan jira ki a tasha.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Tone-Tone