Akwatin Ƙarƙashin Gadon Inna Furera

Bebeji.

Zuwa ga Yaya Munir,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Shamsiyya da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, an shigo da masara, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, mun yi baƙuwa. Ka tuna Garba Mai Hoto, ubangidan marigayi Baba a Fagge, wanda muke ɗauka kwara ne, wato Balarabe? Ashe Ba'armeniye ne, sunansa Garabed, bakin Kanawa ne ya mai da shi Garba. Jikarsa Anahit ce ta zo da tafinta. Ta ce mutanensu sun warwatsu a duniya bayan kisan da aka yi wa kakanninsu, kuma duk inda suka sauka sai sun yi suna, daga mawaƙa da masu zane har attajirai da masu muƙami. Za a yi baje kolin tarihinsu a Beirut, tana so a sa kakanta a ciki. Sai dai shagon da ya buɗe can bayan ya bar Fagge ya ƙone lokacin yaƙi, ko hoto ɗaya bai tsira ba, masu shirin kuwa sun ce sai sun ga aiki za su rubuta suna.

Abin da ya rage shi ne akwatin hotunan amare da ke ƙarƙashin gadon Inna. Ka san Garba ba ya shiga gidan matan aure, shi ya sa ya koya wa Inna ɗauka da wankewa. Ita ke shiga ɗakunan amare da kyamararsa, ta ɗauke su kai ba ɗankwali, da alkawarin babu namijin da zai gani sai miji. Hatimin shagonsa na bayan kowane hoto. Anahit ta roƙi Inna har da hawaye, Inna ta ce sai ta yi tunani.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Bushira.

Bebeji.

Yaya Munir,

Sallama da fatan alheri. Ya aiki, ya jikin Hafizu? Allah ya ƙara sauƙi.

Na isar wa Inna saƙonka cewa ta bayar kawai, tunda zamani ya canza. Ta ce in tambaye ka ko a Jos amana tana tsufa. Ni dai 'yar aike ce, kada ka huce a kaina.

Amma kada ka zaci abin bai dame ta ba. Ta ce mutumin nan ya damƙa mata kyamara lokacin da ko ɗinki wasu ba sa bari mace ta koya, da sana'arsa aka yi mana karatu, ga shi yau sunansa zai ɓata a hannunta. Sai ta yanke shawarar zuwa ta tambayi masu hotunan. Muka ɗauki shatar mota a Kwanar Dangora, muka bi Kiru, Tudun Wada har Doguwa. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yan wasu suka ce sun yarda, Inna ta ce ba da su ta yi alkawari ba.

Ɗaya muka samu da rai a Tudun Wada, Hajiya Hussaina. Da ta ga kanta da kitson amarci ta yi ta dariya, tana nuna wa jikokinta mata cewa ita ma an yi yayinta. Na ce to, an dace. Can sai ta share ido, ta cusa hoton cikin zaninta ta ce Malam kaɗai ya taɓa ganinsa, a bar masa abinsa ko da yana kabari. Inna ba ta sake roƙonta ba.

Wallahi tausayin Anahit nake ji. Jibi za ta tafi.

Taka,
Bushira.

Bebeji.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Inna na gaishe ku.

Ranar tafiyar Anahit Inna ta tashi da wuri, ta sa atamfarta ta Sallah, ta zizara kwalli, ta ce in kira baƙuwar. Muka same ta zaune a tsakar gida, tsohuwar kyamarar Garba a cinyarta. Ta ce wa tafinta ya gaya wa yarinyar nan akwati ba zai fita ba, za ta mayar wa kowane gida hotonsa. Amma fuska ɗaya ce take da iko da ita, ga ta nan, a ɗauka a kai Beirut. A naɗi muryarta kuma, ta faɗa wa duniya wane ne Garba, tunda ita ma aikin hannunsa ce. Har azahar tana ba da labari, tana kuma gyara wa Anahit tsayuwa, wai ta bai wa rana baya.

Jiya saƙo ya zo, sun karɓa, an rubuta sunansa. Anahit ta turo hoton a waya, na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko haka take.

Yaya, sai a lokacin na lura. Matar da ta ɗauki amaren ƙasar nan kaf, babu wanda ya taɓa ɗaukar ta. Na sa an wanko biyu, naka na nan tafe a motar Sale.

Allah ya bar mana ita.

Ƙanwarka,
Bushira.