Matar da ke Cikin Sifikarka

Assalamu alaikum, Yaya Sale.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko a dace da wani da ya bi hanyar Agadas ya ce ya taɓa ganinka.

Kamfanin fatar da ka yi wa aiki a Challawa ya zama kango. 'Yan jari-bola sun kwashe komai, har ƙofofi. A cikin tarkacen Malam Isa mai gadi ya tsinci 'yar sifikarka, wadda kake cika mana kunne da ita tun sassafe. Da jan salatif ɗin da ka naɗa mata ya gane ta, ya kawo min. Jikinta ya farfashe, ruwan jima ya ci rabi, amma kayan cikin suna aiki.

Ka tuna tsiyar da kake yi min, wai zane a kwamfuta ko albasa ba zai saya min ba? To yanzu ina aiki a wani shago a Bompai, inda inji ke narkar da zaren roba yana gina abu layi bisa layi. A nan na zana mata sabon gida irin rediyon marigayi Baba: launin katako, raga a gaba, da abin murɗawa na ado kawai. Na farko yana tsakiyar fitowa aka ɗauke wuta, ya tsaya kamar ɗakin da ba a rufa ba. Na biyu ya yi. Na goge shi da sanfefa har yatsuna suka yi tsami.

Don Inna na yi. Idonta ya yi rauni, na ce ta samu abin jin karatu.

Yaya, gida ba daɗi. Kawu ya ce lokaci ya yi da za a je gaban alƙali a sallami matarka Binta, ba za a ajiye 'yar mutane shekara da shekaru ba aure ba saki ba. Amma ya rantse ba zai taka kotu ba sai Inna ta amince. Ita kuwa da an tayar da maganar sai ta miƙe ta ɗauki buta. Binta dai ramewa kawai take yi.

Da na kai akwatin, Inna ta shafa shi ta ce ai rediyon babanmu ne, har ta yi murmushi. Na kunna. Shuɗiyar fitila ta hau ƙyaftawa, wata muryar mace ta yi Turanci. Inna ta tambayi me take cewa, na ce cewa take tana jira. Na yi mata bayanin cewa irin wannan sifikar waya ɗaya take riƙewa, kuma taka ce a ciki. Kafin ta karɓi tawa sai an danne maɓallin baya har ta manta da kai. Haka na faɗa, ban tauna ba.

Inna ta hana a taɓa. Kullum sai ta sa an yi caji, ta kunna, matar ta faɗi abinta, fitilar ta yi ta neman wayarka har ta gaji ta mutu. Na tsani muryar nan. Kai ma haushinka nake ji, kewarka kuma ta hana ni sakat.

Juma'ar da ta wuce, Inna ta kunna kamar kullum. Binta tana tsugune tana wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce wa matar cikin sifikar, "Sannu, 'yar'uwa."

Ba da wasa ta faɗa ba. Inna ta jawo akwatin gabanta. Sannan ta ce in kama yatsanta in ɗora a kan maɓallin, don ba ta ganinsa. Ita ta danna da kanta, har sifikar ta yi 'yar ƙara. Ta ce, "Kira min kawunku."

Litinin za su shiga kotu. Ka yafe mana, Yaya. Ba wanda ya so haka.

In kana raye, Allah Ya kare ka, Ya juyo da hankalinka gida tun Inna na iya gane muryarka. In kuwa ka riga mu, Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka samu wanda ya yi maka sutura.

Taka ƙanwa,
Hadiza