Wa Ke Ba Buhu Abinci?

Litinin, 3 ga Maris

Mun dawo daga wurin likitar dabbobi. Buhu ya hau sikeli, kilo arba'in da bakwai, ya ragu da kilo uku ke nan. Marigayiya matata ce ta raɗa masa sunan tun yana kwikwiyo, don duk inda ya zube sai dai a tsallake shi. Yanzu ba ya zubewa ko'ina. Susa kawai da lasar ƙafa, kunnuwa sun yi ja suna wari, gashin gefen cikinsa ya tsiyaye kamar tsohuwar tabarma.

Likita ta kankari fatar ta duba. Ta ce ba ƙuma ba ce, ba ƙazuwa ba ce, borin jini ne. Wai akwai abin da yake ci wanda jikinsa ya daina karɓa, kuma manyan karnuka irinsa sun cika yin haka. Sati takwas ba zai ci komai ba sai dafaffen kifi da dankali. Ko ɓawon burodi kar a ba shi. Sai ƙwaya ɗaya kowace safiya.

A mota ɗana Injiniya ya amayar da abin da na san an kitsa masa a ɗaki. Matarsa, Malama, za ta haihu a watan Yuni. In sati takwas suka cika kare bai warke ba, to ba abinci ba ne, wata cuta ce, kuma ba za a kawo jariri gidan da take ba. Abokinsa mai gona zai turo mota a ɗauke shi. Na ce to. Me zan ce, gidan nasa ne.

Shekara tara Buhu yana kwana a ƙofar ɗakina. Shi kaɗai ne har yau yake ɗaga kai in an ja kujerar marigayiya. In suka ɗauke shi ban san da wa zan riƙa magana da safe ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sa kwaɗo a kabad ɗin da nake ajiye tukunyarsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da sito, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kaya ba sa fita da ƙafarsu. Kare ba zai yi shekara tara lafiya lau ba, sannan ya fara ciwo daidai lokacin da wata take son a rabu da shi.

Ƙwayar ce ta so ta gagare ni. In na tura ta cikin kifi sai ya cinye kifin tas, ya tofo mini ita a kan takalmi. Na koma dabarar marigayiya, a naɗe ta a ɗan guntun fatar kaza, ya haɗiye bai sani ba. Na dafa da yawa na ajiye a ƙaramin firjin ɗakina. Guntun bai kai kan yatsa ba, kuma wannan ai ba abinci ba ne, rigar magani ce.

Talata, 11 ga Maris

Susa ba ta ragu ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ina zargin maƙwabcinmu mai walda. Tun da Buhu ya taɓa kora masa kyanwa yake gaishe ni da rabin baki. Katangarmu gajera ce, ko yaro zai iya jefo ƙashi. Na share gindin katangar fes, na barbaɗa toka, ina zagayawa sau uku a yini. Abin da na samu zuwa yanzu: sawun ƙadangare da murfin kwalba.

Da na tambaye shi a fakaice ko yana da ragowar abincin da yake zubarwa, sai ya ɗauka roƙo nake, ya ce zai sa a riƙa aiko mini. Na ji haushi ƙwarai.

Juma'a, 21 ga Maris

Malama ta tambaye ni katin rigakafin Buhu. Wai tana so ta ga yaushe aka yi masa allurar haukan kare, da ranar maganin tsutsa da na kaska. Na ba ta, don komai yana kan ƙa'ida, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta ɗauki hotonsa da waya. Hoton me? Hujja take tarawa.

Ta iya ladabi, wannan ba a ƙwace mata ba. “Baba, an tashi lafiya? Baba, a kawo ruwa?” Masu irin wannan ladabin na fi sa wa ido a sito.

Laraba, 26 ga Maris

Na kama ta. Na ce zan je aski, na kai bakin titi na juyo. Na same ta a bayan tankin ruwa, durƙushe da cikinta, ga kwano a gaban Buhu. Tana ganina ta tura kwanon bayanta. Na ce me ke ciki, ta ce ruwan ɗumi ne. Na duba, ruwa ne, da tsumma. Wai ƙafafunsa take wanke masa, likita ce ta ce a riƙa yi in ya dawo yawo. To me ya sa a ɓoye? Ta ce don ta san ba na son a taɓa shi.

Da yamma na faɗa wa Injiniya a gabanta. Na ce akwai mai ba karen nan abin da aka hana da gangan, kuma ba daga waje yake shigowa ba. Ya sha mur, ya dube ta. Ita kuwa ta kwashe kwanuka ta shige kicin. Na ji famfo yana zuba ya daɗe.

Mai gaskiya ai da ta yi magana.

Talata, 1 ga Afrilu

Kunnen hagu ya fara ruwa. Sati huɗu sun wuce a banza. Malama da mijinta ba sa hira a falo yanzu, ban kuma ce ina jin daɗin hakan ba.

Jiya na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakina tana kallon firjina. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ce shara za ta yi. Na sa wa firjin kwaɗo shi ma.

Litinin, 7 ga Afrilu

Komawa asibiti. Injiniya ya yi tafiyar aiki, Malama ce ta tuƙa mu. Ban so ba.

Likita ta duba fatar ta girgiza kai. Ta bi ni da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Man da ake dafa kifin? Babu mai. Yana lasar kwanukan gida? Ba ya kusantarsu. Yana tonon bola? A'a. Ina amsawa ina satar kallon Malama, ina jira a zo kanta. Sai likita ta ce, yaya yake shan ƙwayar, ba ya tofarwa? Na gyara zama na ba ta dabarar, har da alfahari.

Ta ajiye biro. Ta ce, “Baba, kullum?”

Na ce kullum, ban taɓa fashi ba.

Ta ce kaza na cikin abubuwan farko da ake zargi a irin wannan ciwon, kuma jiki ba ruwansa da ƙanƙantar abu, guntu ɗaya ya isa ya ta da shi. Sati biyar ina dafa kifi da hannun dama ina rushe aikin da na hagu.

Ban san yadda na fito ba. A mota Malama ta kunna rediyo, ta rage murya, ba ta dube ni ba har gida. Ina jin ita ta sa likita ta yi tambayar. Ta daɗe da sani ke nan, kunya ta hana ta faɗa wa uban mijinta.

Ko kuma ta bari ne lokaci ya ƙure. Wa ya sani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na zubar da fatar. Yanzu dankali nake murƙushewa in cusa ƙwayar. Malama ce ta nuna mini, ba da baki ba, ta dai yi a gabana ta wuce.

Injiniya ya dawo. Ban faɗa masa ba. Ita ma, ga alama.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau Buhu ya yi barci tun hantsi har azahar bai motsa ba. Na je na taɓa shi don na tsorata. Jan kunnen ya ragu. Gashi dai shiru, likita ta ce shi sai a hankali.

In gashin ya fito kafin wa'adi, ba sai an yi wata magana ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sati takwas cif. Injiniya ya tsaya a kan Buhu, hannu a aljihu, ya kalli wuraren da ba gashi. Ya ce an bi dokar likita sati takwas ba a ga komai ba, saboda haka ba abinci ba ne. In kuma maganata ce gaskiya, wani na ba shi wani abu a gidan nan, to gara ya tafi inda ba mai cutar da shi. Mota za ta zo ranar Asabar.

Da bakina na ba shi wannan hujjar. Kalma kaɗan ce za ta warware komai, na sani. Ta zo har maƙogwaro ta koma. Mutum ya tsaya gaban ɗan da ya haifa ya ce ni ne, bayan ya nuna matarsa da yatsa?

Malama ta dube ni sau ɗaya. Na dubi bango.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na wanke bargonsa. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 4 ga Mayu

Motar ta zo jiya da ƙarfe goma. Direba ya sauke ƙofar baya, Injiniya ya riƙo sarƙa. Buhu ya bi shi yana kaɗa wutsiya, shi a tunaninsa yawo za a je. Da ya sa ƙafar gaba a motar sai ya waigo yana nemana.

Malama ta fito tana dafa bango. Ta ce wa mijinta ya dakata, a sake ƙirga satin daga farko, don an samu kuskure a abincin. Ya ce kuskuren wa? Ta sunkuyar da kai ta ce, “Nawa ne. Ni ce na…”

Na ce, “Ƙarya take yi.”

Ban yi niyyar ya fito da ƙarfi haka ba, har mai walda ya leƙo ta katanga. Na faɗi komai, fatar kaza, firji, sati biyar, a gaban direban da ban taɓa gani ba. Na ce yarinyar nan ba ta taɓa ba shi komai ba sai ruwan ɗumi a ƙafa. Injiniya ya daɗe yana kallona, irin kallon da nake yi wa leburori in kaya sun yi ƙasa. Sannan ya juya ya kalli matarsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya sallami direba.

Sabon sati takwas, daga bakwai ga Afrilu. Buhu na nan, ga shi a ƙofa yana minshari.

Ban ba ta haƙuri ba tukuna, bakin bai saba ba. Da safe dai na hana ta durƙusawa, na jawo mata kujera, na wanke ƙafafunsa da kaina tana gaya mini inda na bari. Sau biyu ta ce in sake tsakanin yatsun. Na sake.