Ƙamshin Tsiro a Gangar Bature

Daren Laraba, unguwar Barroquinha

Kafaɗata kamar ba tawa ba. Ni da abokin aikina Garba muka yi dakon gangar giya daga bakin teku har unguwar Vitória, gidan wani Bature ɗan Sikotland. Da ya buɗe ta sai ya miƙo min kofi, wai wiskin kwarinsu ne, marar nauyi, da tsiron sha'ir ake yi tun kakanninsa. Na ce, "Maigida, ba na sha." Ya ce to in sansana kawai.

Da ma ban sansana ba. Ƙamshin tsiron dawa ne sak, wanda Inna ke shanyawa don kunun zaƙi. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka. Amma shi jirgi na kawo masa garinsu a ganga. Ni ba mai kawo min nawa, nasa ɗin ma ni na ɗauko masa.