Faifai Na Shida Da Ba Ku Aiko Ba

Daga: Uwargida Noreen Pascoe
Gonar Warrabin Downs, ta hanyar Quilpie
Queensland 4480
Laraba, 14 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga: Mista Graeme Tolhurst
Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki
Kamfanin Hayar Fina-finai na Saltbush
Sydney

GAME DA: ƘIN AIKO FAIFAI NA SHIDA NA SHIRI MAI LAMBA 2217, DA ABIN DA MA'AIKACIYARKU TA YI MINI

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawar da muƙaminka ya cancanta, ni ce mai rajista lamba 40863, wadda ta shiga tsarinku ranar 5 ga Maris na wannan shekara. Na rubuto da biro ne saboda na buga waya sau tara, na lura waya ba ta barin shaida.

Ban shiga don kaina ba. Mijina, Lyle Pascoe, makiyayin shanu ne mai shekara saba'in da ɗaya. Idonsa na dama ya riga ya tafi. Likitan da ke zuwa mana a jirgin sama wata-wata ya ce na hagun da wuya ya kai Kirsimeti. Lyle bai nemi komai ba sai ya ga shiri guda, mai faifai shida, na wani kyaftin ɗin jirgin ruwa da ke neman ƙaninsa da ya ɓata a yaƙi. Ya fara kallonsa a asibiti, aka sallame shi bai ga ƙarshe ba. Ga ƙorafina dalla-dalla.

1. Motar wasiƙu sau ɗaya take zuwa mana a mako, ranar Alhamis. Bev Dunstall, mai tuƙa ta, takan ajiye saƙonmu a cikin tsohon firjin da muka kafa a bakin titi, kilomita goma sha tara daga gida, ta ɗauki abin da muka bari ta wuce. Ba ta dawowa ta nan. Saboda haka faifan da ya iso yau ba zai tashi ba sai Alhamis mai zuwa, ko da a ranar muka kalle shi. In aka haɗa da tafiya da dawowa, mako uku ke nan. Na rubuta wannan bayani a takardar rajista, a gurbin da kuka ce a rubuta ƙarin bayani. Ina fatan wani ya yi amfani da ita ya goge tebur, kada ta tafi a banza.

2. Na'urarku kuwa kwana goma sha huɗu ta sani. Da sun cika sai ta rubuta cewa faifan "ya ɓata", ta rufe rajistata, ta aiko mini da takarda mai hoton faifai yana kuka. In faifan ya iso gare ku aka buɗe rajistar, sai na'urar ta ce tunda ya ɓata ai ban kalla ba, ta sake aiko mini da shi. Da haka faifai na biyu ya zo sau biyu, na biyar sau uku: 13 ga Agusta, 3 ga Satumba da 24 ga Satumba. Yallaɓai, faifanku ko ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Sau biyu ina tuƙa mota kilomita talatin da takwas, zuwa da dawowa, in shigo gida Lyle yana zaune ya goge tabarau, in ce masa na biyar ne kuma.

3. A duk kiran da na yi an ce mini na'ura ce, ba a iya sa mata hannu. Wani ma'aikacinku ya ba ni shawarar in jefa faifan a akwatin wasiƙu na kusurwar layinmu. Na gaya masa layinmu ba shi da kusurwa, maƙwabcina mafi kusa yana da nisan sa'a guda da rabi. Ya ce zai rubuta. Ban san abin da ya rubuta ba, amma na biyar ya sake zuwa.

4. Wannan shi ne wanda ba zan yafe ba. Ranar Talata, 29 ga Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, na yi magana da wata mai suna Tamsin. Na yi mata bayanin idon mijina, abin da ban taɓa gaya wa baƙo ba. Sai ta ce kada in damu, ita ta kalli shirin, ba mu rasa wani abin kirki ba. Kafin in buɗe baki ta faɗa mini yadda ya ƙare, tun daga wanda ya mutu har wanda ya ci amana. Ta rufe da tambayar ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Na san a ganinta alheri ta yi, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Kwana goma sha biyar ke nan ina ɗauke da ƙarshen labarin ni kaɗai. Kullum a wajen cin abinci Lyle sai ya kawo sabon hasashe, ya ce, "Ke Noreen, ki rubuta ki ajiye, ƙanin nan yana raye." Ni kuwa in miƙa masa dankali. Shekara arba'in da huɗu da aurenmu ban taɓa ɓoye masa komai ba, sai da kamfaninku ya koya mini.

A watan Maris daga kan doguwar kujera yake kallo. A Yuli muka jawo masa kujera tsakiyar falo. Yanzu gwiwarsa tana taɓa teburin talabijin, babu sauran inda zan matsa da shi.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi, duk da ladabin nawa ya kusa ƙarewa, ka tashi daga kujerarka da kanka, ka je inda ake ajiye faya-fayan, ka ɗauko na shida na shiri mai lamba 2217, ka duba lambar da idonka tunda kai kana da biyu, ka rubuta adireshin da hannu. In ya bar Sydney kafin Juma'a, 23 ga Oktoba, zai samu motar Bev ta ranar 29. Kada a aiko mini da takardar ban haƙuri ko tayin wata guda kyauta, ba ni da wanda zai kalle shi. Bayan haka ku soke rajistata. Kuma a gaya wa Tamsin, a hankali, ta daina taimako.

Na karanta wa Lyle wannan takarda kafin in rufe ta, kamar yadda nake karanta masa duk wasiƙunmu yanzu, amma na tsallake ƙorafi na huɗu. Ya ce na yi zafi da yawa, in ƙara muku da cewa shi ba sauri yake ba. Na ƙara kamar yadda ya ce. Jiya ya tambaye ni ko na kunna fitilar falo, alhali a kunne take.

Ka huta lafiya, Yallaɓai. Ina jiran Alhamis.

Taka cikin girmamawa,

Noreen Pascoe (Uwargida)
Rajista lamba 40863