Haƙarƙarin Yaya Ilu

Magariya, Alhamis da dare, Yuni 1974

Wasiƙar Yaya Ilu ta iso yau daga Faransa, da foto ɗaya. Sun gama wasannin bana. Rugubi ake ce wa abin: mutum sha uku kowane gefe, kana gudu rungume da balo, wato ƙwallo, ƙatti suna kayar da kai. Wai sana'arsa ke nan! Tun kaka suke yi har bazara, cikin sanyi da taɓo, bai taɓa fashi ba. Wasan ƙarshe ma da karyayyen haƙarƙari ya gama shi. Ikon Allah. Sau uku na karanta wurin.

Da na karanta wa Inna sai na tsallake zancen karayar. Ta daɗe tana duban foton, ta ce, "Sani, tsayuwarsa a karkace take. Me ka ɓoye mini?"

Na faɗa mata, ina da tabbacin za ta ce ya dawo gida.

"Ilun da ke ɓuya bayan rumbu in an buga gangar kokowa?" Ta yi dariya har da hawaye. "Rubuta masa. Ka ce ya bari ƙashin ya kama kafin ya koma wasan."