Man Gyaɗar Najaha

Matameye, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Marwan, a Tamanrasset.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. Iya tana fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta ba abin da ya same shi. An gama girbi, gero ya yi dama-dama, gyaɗa kuwa sai godiya.

Maganar ƙanwarmu Najaha ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun rasuwar mijinta da man gyaɗa take riƙe da 'ya'yanta uku. To, man jarkar nan da ake shigowa da shi daga ƙetare ya cika kasuwa, ga araha, masu ƙosai duk suka koma can. Sai ta wuni da kwalabe a gabanta ba mai ko tayawa. Shi ya sa ta aika maka ka tarbe ta, ita da yaran. Na yi faɗa, na yi kuka, na tuna mata matan ƙasarmu da hamada ta cinye, ta ce ba za ta zauna tana kallon yara da yunwa ba. Aka tsayar da ranar Asabar mota za ta tashi.

Sai ga abin da ban taɓa zato ba. Ka tuna Madam Rahila, ungozomar nan Kirista da ta karɓi haihuwarka, wadda ka yi wa fitsari a zane? Ita da Pasto da Liman Malam Isufu sun daɗe suna zama a filin lakwal, makarantar bokon nan, kan matan da talauci ke korawa Aljeriya. Ni na ɗauka surutun manya ne kawai, ashe shiri suke. Ranar Lahadi Pasto ya gaya wa mutanensa, waɗanda ba su fi cikin mota biyu ba, cewa duk mai barin man maƙwabciyarsa yana tura ta hamada ne. Ranar Juma'a Liman ya faɗi haka a huɗuba, ya ƙara da cewa gyaɗarmu ake kwashewa da arha, a dawo mana da man da ba mu san inda aka tatso shi ba.

Ana sallamewa sai ga Madam Rahila a ƙofar masallaci da kasko biyu, matan majami'a na hura wuta, matan unguwarmu na buga ƙullun ƙosai. Kasko ɗaya man jarka, ɗaya man Najaha, ba a faɗa wa kowa wanne ne wanne ba. Wallahi, Marwan, na ce yau za a yi rigima. Liman ya tako da sandarsa, ya yi bisimilla, ya karɓi ƙosai daga hannun Madam Rahila ya ci a gaban jama'a. Kafin a jima layi ya kai bakin titi.

Alhaji Shekara, wanda ke sauke jarkokin nan a garin, ya zo yana hura hanci. Ya ɗanɗana duka biyun, ya nuna kaskon hagu ya ce wannan ne nasa, shi ya san kayansa. Na Najaha ne. Dariyar da aka yi, har Liman sai da ya riƙe gemu. Alhaji bai yi fushi ba. Ya ce ƙanshin ɗakin mahaifiyarsa ya ji, ita ma da tuyar ƙuli ta raine shi. Nan take ya ce matan su tara mansu, motarsa za ta riƙa kai shi Damagaram.

Najaha dai kayanta suna nan a ɗaure. Asabar da safe direba ya tsaya a ƙofar gida yana ta danna oda. Na zauna a zaure. Sai ta leƙo, hannu duk mai, ta ce in gaya masa ya tafi, gyaɗarta na kan wuta. Don haka kada ka je tasha, ƙanena. Ba ta zuwa.

Iya da Najaha da yaran suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Manu da Habibu.

Yayarka,
Zuhra